Gayyar Kawu Zailani

Situdiyon Gwadabe ɗaki ɗaya ne a bayan tashar motar Rano. Ya liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ihun 'yan kamasho ya shigo, amma duk da haka yakan shigo. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaukar waƙoƙin biki da na 'yan siyasa a ɗakin, kuma abin da aka san shi da shi a garin shi ne wanke murya. In mawaƙi ya zo da shaƙewa, ko janareton maƙwabta ya kutsa cikin waƙa, Gwadabe zai zauna gaban kwamfuta ya bi ta kaɗan-kaɗan har ta fito tas. In ya gama sai ya goge ɗanyen aikin, wato abin da aka ɗauka tun kafin a taɓa shi, domin kwamfutarsa tsohuwa ce, ba ta da wurin ajiya. Haka ya koya wajen maigidansa a Kano, haka kuma yake yi.

Da rani wata gidauniya ta Abuja mai tallafa wa ƙananan situdiyo masu zaman kansu ta sa sunansa cikin waɗanda ta zaɓa. Aka aiko masa da na'urar ɗaukar sauti ta hannu, da makirfo biyu, da batir mai aiki da hasken rana. Sharaɗin guda ɗaya ne: ya nemo mawaƙin gargajiya wanda ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, ya ɗauka, ya aika kafin ƙarshen watan Agusta. A ƙasan takardar an rubuta cewa ana son sauti mai tsafta.

Bai yi dogon tunani ba. Yayan mahaifiyarsa, Kawu Zailani, shi ne makaɗin gangar noma na ƙauyen Durba. Ya haura saba'in, kuma ko a waya babu wanda ke da muryarsa. A da, in mutum ya kira gayya, maza suka taru a gonarsa don su yi masa huɗa cikin yini ɗaya, Zailani ne ke bin bayansu da ganga yana zuga su. Mahaifin Gwadabe, marigayi Ƙasimu, yana cikin waɗanda ya fi yi wa kirari.

Ranar wata Laraba Gwadabe ya ɗauko shi a babur zuwa Rano. Tsohon ya shiga ɗakin da gangarsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallon bango.

"Gwadabe, wannan ɗakin naka ne ko na kaji?"

"Na aiki ne, Kawu. Zauna nan. Sa wannan a kunnenka."

"In na toshe kunne, da me zan ji?"

Da ƙyar ya yarda. Gwadabe ya ɗaga masa hannu, tsohon ya buga ganga sau uku ko huɗu, ya buɗe baki, sai ya rufe. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Ya cire abin kunnen ya ajiye a cinyarsa.

"Wa zan kira?"

"Duk wanda ka ga dama, Kawu."

"Ba na kiran wanda ban gani ba. Kana zaton waƙar a cikina take jibge kamar gero a rumbu, in ɗebo maka? Mutum nake gani ya sunkuya, in ga yadda garmarsa ke shiga ƙasa, sai maganar ta zo. In ya gaji in sassauta hannu, in ya taso in taso da shi. A nan wa zan jira? Kwalin ƙwai?"

Gwadabe ya mayar da shi Durba kafin la'asar, ba a ɗauki komai ba. A hanya ya gane cewa in yana son muryar kawunsa, sai ya haɗa gayya.

Shekara tara rabon Durba da gayya. Masu hali suna kiran tarakta ko shanun huɗa, ciyawa kuma feshi ake yi mata, samarin sun tafi Kano neman abin yi. Gwadabe ya bi gida-gida har sati uku. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce za su duba. Wanda ya tsaya masa shi ne Abdulganiyyu, abokin Zailani tun yarinta, wanda a zamaninsa ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya a gona ba.

"Ka bar ni da su," in ji shi. "Duk wanda ya ce ba zai zo ba, zan tuna masa ranar da aka bar shi a baya har mata suka yi masa dariya."

Aka samu mutum goma sha tara, yawancinsu da furfura. Aka sa rana cikin watan Yuli, a gonar dawar Zailani. Ranar ta zo da hadari mai sanyi, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Inna Huseina, matar Zailani, ta tara mata suka dama kunu tun da safe. Gwadabe ya maƙala makirfo ɗaya a wuyan rigar kawunsa, ɗayan ya ɗaure shi a sanda ya fuskantar da shi wajen manoman.

Maza suka jeru, kowa da kunyarsa. Zailani ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara igiyar ganga, ya buga. Garemani goma sha tara suka faɗa ƙasa tare. Daga nan muryar da ta ƙi fita a Rano ta fito da kanta.

"Ganiyyu na Jumai, ƙasa ta san tafinka, wa ya riga ka kaiwa ƙarshe?"

"Babu!" maza suka amsa.

Haka waƙar take. Zailani ya jefa tambaya ya yi shiru, maza su cike shirun. In ya ga wani ya fara ja da baya, sai ya matsa kusa da shi ya kira sunan uwarsa da na kakansa, har kunya ta sa ya ƙara wuta. Can tsakiyar gona Abdulganiyyu ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Zailani, sassauta mana! Ƙugun nan ba na da ba ne!"

"Da da baki kake noma, da tuni mun tashi!"

Gonar ta ɗauki dariya, Inna Huseina ta rangaɗa guɗa daga gindin ɗorawa. Zailani ya sassauta hannu kamar yadda aka roƙe shi, ba tare da ya ce ya sassauta ba.

Wajen azahar yayyafi ya sauko, ba wanda ya tsaya. Sai Zailani ya canja kiɗa, ya fara kiran waɗanda suka rasu. Da ya zo kan Ƙasimu ya daɗe.

"Ƙasimu mai garma biyu, ka karya ɗaya ka ɗauki ɗaya, yau ina kunyarka?"

Mazan suka tsaya cak, suka ɗaga garemani sama, suka amsa da murya ɗaya: "Allah ya jiƙansa!"

Gwadabe yana tsaye riƙe da na'ura, abin ji a kunnensa. Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu. Bai taɓa jin an kira shi haka ba. Ya sunkuyar da kai kamar mai duba na'ura, har aka wuce wurin.

Kwana uku bayan gayyar aka aiko cewa Zailani ya kwanta da tari da zazzaɓi. Gwadabe ya je ya duba shi, ya kai shi asibiti aka ba shi magani, sannan ya koma Rano ya zauna kan aikin, domin lokaci ya matso.

Ya ba aikin kwana huɗu, kuma bai taɓa yi wa wata waƙa hidima irin wannan ba. Da ya saurari abin da makirfon sanda ya ɗauka, kunnensa na mai situdiyo ya ji iska, da ƙarar ƙarfe, da haki, da tari, da kukan akuya. Ya tuna da takarda: sauti mai tsafta. Ya ajiye wannan gefe. Ya koma kan na wuyan riga, ya bi shi a hankali yana cire duk abin da ba muryar kawunsa da ganga ba. Ya yanke wurin ƙugun Abdulganiyyu, domin ya katse waƙa. Ya lura kiɗan yana gudu a wani wuri yana ja a wani, sai ya daidaita shi duka ya tafi bai ɗaya, kamar yadda yake yi wa kowa. Da ya gama, muryar ta fito garau, ko a Kano ba za a fi haka ba. Ya aika wa gidauniya.

Washegari yana da biki a Rurum Sabon Gari, katin na'urar kuma ya cika. Ya goge shi. Da ya dawo kwamfuta ta ƙi karɓar aikin bikin, sai ya goge ɗanyen gayyar daga cikinta ita ma. Hannunsa ne ya yi, yana magana da wani a bakin ƙofa.

Bayan mako guda saƙo ya zo daga gidauniyar. Sun yaba, sun ce aikin ya yi kyau ƙwarai, za su sa shi cikin waɗanda za a fitar. Da yamma Gwadabe ya sa waƙar a wayarsa, ya ɗauki ƙaramar lasifika, ya hau babur zuwa Durba.

Ya tarar da Zailani kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya rame, muryarsa ta koma raɗa. Abdulganiyyu ya zo dubiya yana zaune a gefe. Inna Huseina ta bar tankaɗe ta matso.

"Kawu, ga ka nan na kawo maka. Har Abuja sun ji ka."

"To, bari mu ji abin da Abuja ta ji."

Ya kunna. Ganga ta fara, muryar ta biyo. Inna Huseina ta yi murmushi ta ce, "Shi ne wallahi." Aka zo wurin Ganiyyu na Jumai, wa ya riga ka kaiwa ƙarshe. Sai shiru. Ganga kawai ke tafiya. Muryar ta sake jefa wata tambaya, shiru ya sake biyowa. Murmushin Inna Huseina ya tafi a hankali.

Zailani ya ɗaga hannu, Gwadabe ya tsayar.

"Gwadabe, ina mutanen?"

"Na cire hayaniyar ne, Kawu, don a ji ka sosai."

"Hayaniya," in ji tsohon. Ya yi tari, aka ba shi ruwa. "Mutum goma sha tara suka bar gonakinsu. Wannan da nake ji wani tsoho ne shi kaɗai a daji yana kiran sunaye, ba mai amsa masa. Kuma wannan hannun ba nawa ba ne. Ni ban taɓa kiɗa ban jira wani ba. Ina inda na jira Ganiyyu?"

"Na gyara shi ne."

Ba faɗa a muryar Zailani. Ya ce, "To, ba laifi. Wannan ka bar wa mutanen Abuja. Mu ka kawo mana mai mutanen."

Gwadabe ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya so ya ce to, gobe. Ya tuna katin, ya tuna kwamfutar, ya tuna ranar da yake magana a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya san abin da ya yi.

"Babu shi, Kawu. Na goge."

"Duka?"

"Duka."

Kaza ta zo tana tsattsagar garin da Inna Huseina ta bari, ba wanda ya kore ta. Can Abdulganiyyu ya gyara murya.

"Baɗi sai mu sake. Ai garemanin suna nan."

"Suna nan," in ji Zailani. Bai dubi abokinsa ba, abokin ma bai dube shi ba.

Bayan ɗan lokaci Zailani ya ce, "Kunna mini wurin Ƙasimu."

Gwadabe ya nemo wurin ya kunna. Muryar ta tashi tas, ta kira mai garma biyu, ta tambayi ina kunyarsa. Da shirun ya zo, Abdulganiyyu ya ɗaga sandarsa sama ya ce, "Allah ya jiƙansa." Inna Huseina ta faɗa tare da shi, a hankali. Mutum biyu ne, kuma ba su faɗa daidai tare ba. Gwadabe ya so ya ɗauki ko da wannan, amma na'urar tana Rano, wayar kuma ita ce ke waƙar.

Zailani ya lumshe ido. "Kashe haka nan, ɗana. Ka tafi kada hadari ya tare ka."

Bai ga girbin dawar da aka yi wa huɗa ba. Ya rasu cikin watan Satumba. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa akwai shida daga mazan gayyar, kuma babu wanda ya ce wa Gwadabe komai a kan waƙar. Da sun yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Da kaka gidauniyar ta fitar da waƙar da sunan Zailani da na situdiyon Gwadabe. Mutane daga nesa suka kira shi suna tambayar yadda ya samu murya mai tsafta haka a gona. Yana gode musu. Ya sayi ma'ajiya ta daban, kuma tun daga lokacin bai ƙara goge ɗanyen aiki ba, ko na tallar magani ne. Ya kai batun wata gayyar wajen Abdulganiyyu sau ɗaya. Tsohon ya ce, "To, wa zai kira mu?"

Wani lokaci da hantsi, in babu aiki, Gwadabe yakan rufe ƙofa ya kunna waƙar. Yana barinta ta tafi har wurin mahaifinsa. In shirun ya zo, sai ya amsa shi kaɗai. Ta cikin kwalayen ƙwai yana jin 'yan kamasho suna kiran Kano, saura mutum ɗaya.