Ruwan da Na Hana Gadar Raudatu

Shekara arba'in ina ginin ƙasa a Kutemeshi, kuma abu guda na riƙe: ruwa abokin gaban gini ne. In ka ɗora bango, rana kake roƙo. Da wannan sanin nawa na kashe wa 'yata aiki.

Raudatu ce autata. Ta yi karatun injiniya a Zariya, ɓangaren hanya da gada, ta dawo da hular kwano ruwan ɗorawa. A shekarar zaɓe wani ɗan takara, Ɗalha, ya kawo siminti da rodi, ya ce a yi gada a rafin da ya raba mu da gonakinmu. Rafin nan in ya cika sai an zaga ta bakin daji, kuma kowa ya san abin da ke dajin a lokacin. Aka ba Raudatu aikin, mu kuma muka yi gayya.

Da aka zuba kankare sai ta rufe shi da buhuna, ta sa mata suna jiƙawa safe da yamma. Rani ne, rafin ya ƙafe, daga rijiyar bayan gari suke ɗebowa.

"Baba, kwana ashirin da takwas zai sha ruwa," in ji ta. "Ko amalanke kada ta hau."

"Gini kike yi ko shukar albasa?"

"Kankare ba jar ƙasa ba ne. In ya bushe da wuri ƙarfinsa a sama yake tsayawa."

A kwana na uku ta tafi Birnin Gwari sayen ƙarfen gefen gada, hanya ta rufe, ta yi kwana shida a can. Ni kuwa na je na kwashe buhunan, na sallami matan. Martha maƙwabciyarmu, wadda ke jagorantar su, ta ce, "Baba, injiniya fa ta hana." Na ce mata ni na haifi injiniyar.

Ran kwana na tara Ɗalha ya iso da jerin motoci, har da babbar mota maƙare da buhunan shinkafa. Allah ya ba mutumin nan baki. Ya ambaci mutanenmu da aka tare a bakin daji ɗaya bayan ɗaya, da sunan unguwar kowa. Ya ce, "An ce muku ku jira, kun jira. Kun jira da gawa a kafaɗa. Yau ba sauran jira." Na ga dattawa suna share ido da hannun riga. Ni ma na share.

Raudatu, da isowarta ke nan, ta hau tsakiyar gadar ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, mota ba za ta hau ba tukuna."

Ɗalha ya yi dariya cikin lasifika. "'Yarmu injiniya tana da takarda, Allah ya ƙara ilimi. Amma ga mai shekara arba'in a gini. Baba, ta bushe ko ba ta bushe ba?"

Duk gari ya juyo yana kallona. Na ƙwanƙwasa gadar da sandata, na ji ta amsa.

"Ta bushe sarai," na ce. Na dubi 'yata. "Sauka."

Ta dubi inda buhunan suke a dā, ta dube ni. Ta cire hular ta sauka. Motocin suka haye gadar.

Cikin watan Agusta gadar ta karye ƙarƙashin motar taki. Naziru direba ya rasa ƙafa guda. Gari ya ɗauka: aikin mace ne. Ɗalha, da ya riga ya ci zaɓe, ya ce laifinsa ɗaya, ya yarda da yarinya. Bayan sallar Juma'a na miƙe na faɗi abin da na yi da buhunan nan, ban rage komai ba. Suka ce tsoho yana kare 'yarsa ne, Allah ya ba shi lada.

Babu wanda ya sake ba ta ko kwalbati. Yanzu tana Kaduna tana koyar da lissafi a wata firamare. Duk Juma'a takan bugo waya ta tambayi gwiwata. Kome na ce, sai ta ce, "To, Baba." Dā can sai mun yi gardama har tuwo ya huce.

Hular tana rataye a ɗakin uwarta. Bana ma ta bakin daji muka zaga.