Natsuwar Ranar Ziyara

Duk ranar ziyara mukan tarar da Autanmu zaune kan farar kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, an yi masa wanka, riga ta sha guga, hannuwansa a kan gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Gidan da muka kai shi na masu fama da shaye-shaye ne, can suke kwana suke tashi har su rabu da abin. Shi maganin tari da ƙwaya ne suka cinye masa shagon aski, suka kusa haɗawa da shi.

Mama ta fi kowa murna. Takan shafa kumatunsa ta ce, "Ke dubi yadda ya murmure. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya!" Ni kuwa raina bai kwanta ba. Auta fa bakinsa ba ya hutawa, ko aski yake yi sai ya ba ka labarin unguwa kaf, da wanda ya faru da wanda ya ƙara wa gishiri. Yanzu kome ka ce masa, amsar ɗaya ce: "To, madalla." In na yi ƙorafi Mama ta ce ni dai ba a iya mini, da yana hauka na yi kuka, yanzu ya natsu ina neman abin cewa.

Wata rana da ba ta ziyara ba hanya ta biyo da ni, na tsaya in ajiye masa sabulu. Mai gadi ya zaga, ƙofa a buɗe, ni kuma ba a san ni da jiran izini ba. Na wuce rumfar, na wuce ofis mai furannin roba, na ɓulla ta baya. Dogon ɗaki ne, katifu a ƙasa babu zanin gado, taga ɗaya, bokiti a lungu. Mutane kwance da rana tsaka, ba mai ce musu uffan. Auta na jingine da bango, idonsa tar.

"Yaya? Ai yau ba ranarku ba ce."

"Ashe kana magana?"

"Ranar da za ku zo, da safe ake bin mu da allura ɗaya bayan ɗaya. Ina jin muryarku can nesa. Ina so in ce ku tafi da ni, baki ya ƙi."

"Likita fa?"

"Rabona da shi tun ranar da kuka kawo ni. Yaya, ba gudun magani nake ba, wallahi ina so in daina. Amma tun da na zo ba wanda ya zauna ya tambaye ni me ya sa na fara."

Wani ma'aikaci ya shigo ya raka ni waje cikin ladabi. Na tambaye shi zancen allurar, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Baiwar Allah, iyaye ba sa son ganin rigima. In suka tarar da yaro yana kuka sai su ɗauke shi, alhali bai warke ba." A ganinsa taimakonmu suke yi.

Na bincika na samo wani gidan, inda likita ke zagayawa kuma ake zama da mutum a saurare shi. Sai dai Mama ce ta sa hannu ranar da muka kai Auta, ita kaɗai za a ba shi. Na gaya mata abin da na gani, ta ƙi. Ta ce mai shaye-shaye ba ya rasa abin faɗa, kuma tun da aka karɓe shi ta san daɗin barci. Na ji haushi, amma ban ga laifinta ba, ta sha wuya a hannunsa.

Ana cikin haka Kawu ya rasu, ƙanen Mama, wanda ya koya wa Auta aski a shagonsa ya kuma saya masa injinsa na farko. Ranar ziyara ta zagayo, a mota Mama sai maimaita yadda za ta gaya masa take yi, tana tsoron kada ya ruɗe ya koma ruwa. Muka same shi a kujerarsa, tsaf da shi. Ta ja tata kujerar kusa, ta riƙe masa hannu.

"Auta, sai haƙuri. Allah ya yi wa Kawunka rasuwa."

Ya dube ta da ɗan murmushi. "To, madalla."

"Kawunka na ce. Mai shago. Ya mutu, mun binne shi."

"To, madalla."

Mama ta daɗe tana kallonsa. Yawu ya ɗan gangaro masa a gefen baki, ta sa bakin mayafinta ta share. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Je ki ce su haɗo masa kayansa. Ina so ɗana ya yi wa ƙanena kuka."