Littafin da Ya Ƙetare Rafi

Shekara shida Zulaihatu ta yi tana fama da digiri na uku a fannin auna ilimi, kuma jami'a ta riga ta rubuto mata: ko ta miƙa kundin bincikenta kafin ƙarshen wannan zangon, ko a soke sunanta. Yajin aiki ya cinye mata shekara guda, tsadar mai ta cinye wata. Lokaci ne da kwanon gero ya gagari mai albashi, balle zirga-zirga daga Rijiyar Zaki zuwa ƙauyukan Minjibir.

Binciken ba shi da wuyar faɗa. Ta rubuta ɗan littafin koyar da karatu ga 'yan aji biyu. Ta zaɓi makarantun firamare takwas, ta rubuta sunayensu a takardu, aka zuba a hula aka ɗebo huɗu. Waɗannan huɗun za a ba su littafin, sauran huɗun su ci gaba yadda suka saba. A gwada yaran duka a farko, a sake gwada su bayan zango biyu. Idan littafin yana da amfani, dole a ga bambanci tsakanin ɓangarorin. Wannan bambancin shi ne digirin nata, ba wani abu ba.

Da ta gama shigar da makin yara ɗari uku da ashirin a kwamfuta, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Duk ɓangarorin biyu sun ƙaru, kuma ƙaruwarsu ɗaya. Sau uku tana sake lissafin. Malaminta, Farfesa Tasi'u, mutumin da ba ya ɓata yawunsa, ya duba takardar ya tura mata abinta.

"Ko dai littafinki bai tsinana komai ba, ko kuma wani abu ya faru a can da ba ki sani ba. Je ki gano."

Wani abokin karatunta ya ba ta shawara a bakin ofis: ta ɗan rage wa waɗanda ba su sami littafin ba maki, wa zai je ƙauye ya duba? Ta harare shi. Amma gaskiya maganar ta bi ta har cikin mota, kuma hakan ya ba ta tsoro fiye da sakamakon.

Ta fara da Kukar Mati, ɗaya daga makarantun da ba a ba littafin ba. Tun daga bakin taga ta ji yara suna rera darasi na bakwai, darasin da ita ta tsara da hannunta. A kan teburin malamin akwai littafin rubutu mai shafi arba'in, an kwafe littafinta a ciki tsaf da jan biro da shuɗi, har da zanen akuyar, duk da akuyar ta fi kama da jaki. Ta tambayi inda aka samo. Malamin ya yi nuni da ƙetaren rafi, cike da murna.

"Ai aikin Malam Nababa ne, Hajiya. Allah Ya saka masa."

Malam Nababa shi ne hedimastan makarantar ƙetaren, ɗaya daga huɗun da ƙuri'a ta faɗa wa. Abokin marigayi mahaifinta ne, shi ya yi mata jagora wajen masu unguwanni tun farko. Ta same shi an tashi daga makaranta, yana gyaran kunyoyin gyaɗa a gonarsa ta bayan ajujuwa. Ya ajiye fartanya, aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa har aka tambayi kowa da kowa. Sai da ta sha ruwa sannan ta ciro littafin kwafin da ta aro daga Kukar Mati.

Dattijo ya washe baki. "Au, har kin gani? Na so sai ranar da kika zo sallama in nuna miki. Ba ke kika ce mana littattafan ba za su isa kowa ba? To, na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na raba wa malamaina shafi-shafi, mako uku muka yi muna kwafa. Duk Juma'a in an sauko, sai in zauna da hedimastocin can in nuna musu yadda kika koya mana. Makarantu huɗun nan babu wadda muka bari."

Nan ta tuna. Ranar da aka ɗebo takardun a hula, dattawa sun zuba mata ido suna jiran dalili. Ta kasa duban sa'o'in ubanta ta ce da gangan za ta hana 'ya'yansu, don ta sami abin kwatantawa. Kunya ta hana ta. Sai ta ce littattafan ne ba su da yawa.

"Baba," ta ce, "ba ƙarancin littafi ba ne. So nake a bar su haka, in ga bambanci."

"Bambancin me, 'yar nan?"

Ta yi masa bayani a hankali, da misalin gona biyu, ɗaya an sa taki ɗaya ba a sa ba. Ya fahimta sarai, manomi ne. Ta faɗa masa cewa yanzu alƙalumanta ba sa nuna komai, yaran aji biyun sun wuce, neman wasu makarantun zai ci shekara, ita kuwa mako tara ya rage mata.

Murnar ta gudu daga fuskarsa. Ya daɗe yana murza ƙasar da ta manne a yatsunsa.

"Jikokina uku suna Kukar Mati, 'ya'yan 'yata Kaltume. Ƙaramar yanzu ita ke karanta wa uwarta takardar asibiti." Ya ɗago. "Ki faɗa min in gane, don kaina ya tsufa. Wato da sun zauna ba su iya ba, da kin ci jarrabawarki?"

Zulaihatu ta nemi wata hanyar amsawa, irin ta littattafan da ta haddace, ta rasa. Hawaye ya cika mata ido, na baƙin cikin shekara shida da na kunyar tambayar.

"E, Baba."

Ya jinjina kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi.

"Na cuce ki, Zulai, kuma wallahi ban so ba. Ki yafe min." Ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa, sannan ya tsaya. "Amma kada in yi miki ƙarya kina 'yar aminina. Ko da kin faɗa min gaskiyar tun ranar, da sai na kwafa."