Ayarin Bara'atu a Kan Taswira

Abdulghaffar bai taɓa cewa yana kishin Musbahu ba, kuma da wani ya faɗa a gabansa da sai an shiga tsakani. Amma duk mai hawa ɗakin saman gidan abokinsu Hatim a unguwar Bani Malik da ke Jidda ranar Juma'a bayan la'asar ya san abin da ake ciki, domin fuskar Abdulghaffar ba ta iya riƙe sirri.

A wannan ɗakin suke haɗuwa, manya da gemunsu, su shimfiɗa taswira a kan tebur su sake yin yaƙe-yaƙen da aka gama tun kafin a haife su. Taswirar a tsage take gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Rundunonin kuwa 'yan gutsattsarin kwali ne, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba, yana ɗauke da lamba biyu: ta ƙarfinsa, da ta yawan gidajen da zai iya tafiya a zagaye guda. Ba sa jefa ɗan lido, kada a ce caca suke yi. Ƙwallayen dabino ne masu lamba a cikin wata jakar atamfa, idan runduna biyu suka yi karo sai a zura hannu a zaro ɗaya.

Abdulghaffar ne ya kafa zaman, shi ne kuma ke fitar da mujallarsu, Saƙar Zuma, gaba Larabci baya Hausa, a na'urar kwafin shagon da ke ƙasan benen. Masu karanta ta ba za su cika bas ɗaya ba, amma yana ji da ita kamar 'yar fari. A tsakiyar kowace fitowa akwai sabon wasa, da taswirarsa da rundunoninsa, mai karatu ya manna a kwali ya yanke. Shekara da shekaru wasan tsakiya nasa ne, ba don ya hana kowa ba, sai don babu wanda ya kawo.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. Mahaifinsa, Alhaji Zaharadden, bai taɓa hawa benen nan ba. Duk fitowa Abdulghaffar kan ajiye masa kwafi kusa da darduma, washegari ya tarar an ɗora butar shayi a kai. In tsohon ya ga dama ya ce, "Kai da 'yan kwalayenka," ya ci gaba da jan carbi. Abdulghaffar ya haura arba'in, yana da 'ya'ya a sakandare, amma har yanzu burinsa bai wuce tsohon ya zauna a teburin nan sau ɗaya ya ce madalla ba.

Ana haka Musbahu ya faɗo musu. Umra ta kawo shi daga Gombe, ya ga wuri ya zauna, yana tsare wa wani shagon yadi a unguwar Bab Makka, ba iƙamar zama a ƙasar ba kafilin da zai tsaya masa, sai baki. Mutum ne mai dariya tun daga ƙasan bene, mai kiran Abdulghaffar "Oga Edita" da wata murya da ba ka gane girmamawa ce ko tsiya. Bai daɗe ba ya iya wasan, bai kuma daɗe da iyawa ba ya shigo wata Juma'a da takarda a naɗe a hammata.

"Oga Edita, na kawo maka Burmi," in ji shi.

Burmi ce garin da Turawan Ingila suka cim ma masu hijira zuwa gabas a shekarar 1903, kuma daga nan ne aka goyo Bara'atu, kakar Alhaji Zaharadden, tana 'yar ƙarama, aka yi ta tafiya da ita har ta zo ta tsufa a Jidda. Labarin gidansu ne. Abdulghaffar ya zana taswirar Burmi ya yaga ba sau ɗaya ba, saboda wasan ya ƙi tashi: ɓangare ɗaya na da bindiga mai ruwa, ɗayan na da kwari da baka, wa zai yarda ya zauna a kujerar da aka san faɗuwarta?

Musbahu kuwa ko a jikinsa. Ya warware takardar yana bayani da hannu bibbiyu. A wasansa mai riƙe da mutanen Burmi ba ya bukatar ya kashe kowa. Mayaƙansa tare hanya kawai suke yi, yayin da 'yan kwalin da ya kira ayari, wato mata da yara da tsofaffi, ke tafiya zuwa bakin taswira na gabas. Idan ayarin ya fita kafin zagayen ƙarshe ya cika, Burmi ta ci, ko da mayaƙanta sun ƙare.

Aka gwada. Akwai doka a ɗakin, Abdulghaffar ne ma ya kafa ta: wanda ya ƙirƙiro wasa ba ya buɗe baki muddin ana buga shi, domin mai karatu a Makka ko Madina ba zai same shi kusa ya tambaye shi ba. Musbahu ya zauna a gefe ya cusa gefen rawaninsa a baki don kada magana ta kuɓuce masa, kowa na dariya. Kafin a kai rabi dariyar ta ɗauke. Hatim, wanda ke riƙe da Burmi, ya miƙe tsaye yana gumi, shayinsa ya huce bai sani ba. Da ayarin ƙarshe ya fita a zagayen ƙarshe sai ɗakin ya kaure da kabbara.

Abdulghaffar ya tafa tare da su, tafin da bai kai zuci ba. Wasan ya yi kyau, abin da ya ƙona masa rai ke nan. Da yana da aibi da ya ji sanyi. Ya duba ta sama ya duba ta ƙasa, ya ce taswirar ta yi cunkoso, aka ce a'a. Ya ce dokokin sun yi tsawo, Hatim ya ce, "Ya shekh, sun fi naka gajarta." Ba yadda ya iya, ya ce za a sa shi a tsakiyar fitowa ta gaba.

Da a nan abin ya tsaya da wataƙila ya haɗiye. Sai ga shi wata safiya, suna karyawa da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, tsohon ya ɗago kai.

"Abdu, wani yaro ya tare ni a masallaci, Musbahu. Ya ce ya yi Burmi a takarda."

"Eh, Baba."

"Ya ce har da masu goyo a ciki."

"Akwai su."

"Tayyib. Ranar da za ku fitar ka ɗauke ni, ina so in gani."

Abdulghaffar ya ajiye lomar da ke hannunsa. Shekarun da ya yi yana ajiye mujalla kusa da darduma, ashe jira ake wani baƙo mai surutu ya tare tsohon a ƙofar masallaci. Ya ji kishi, kishi na gaske, irin wanda ke sa mutum ya tsani har takalmin wani.

Ranar Asabar da hantsi ya zauna gaban kwamfuta yana jera rundunonin Musbahu don bugawa, aikin da ba wanda ke yi sai shi. Ya zo kan ayarin. Lambar tafiyarsu huɗu ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗora yatsa a kan taswira ya ƙirga gidajen daga ganuwar gari zuwa bakin gabas, ya sake ƙirgawa. Da huɗu suna fita da ƙyar, abin da ke sa wasan daɗi ke nan. Da uku kuwa ba za su fita ba ko mala'ika ne ke tura su. Ya goge huɗu ya sa uku.

Ya gaya wa kansa ba wata ɓarna ba ce. Al'ada ce edita ya buɗe wasan farko na kowace fitowa, to zai riƙe Turawa, Hatim ya riƙe Burmi, wasan ya fito a gurgunce a gaban tsohon, a watse. A fitowa ta gaba sai ya sa gyara a shafin baya, ya ce kuskuren bugu ne. Wa ya mutu? Ya sauka shago ya buga, ya manna kwafin farko a kwali, ya yanke da hannunsa, yana ta fito kamar mutumin kirki.

Juma'a ta zo. Alhaji Zaharadden ya hau benen yana hutawa a kowane hawa, da farar taguwa da sandarsa. Duk aka miƙe. Musbahu ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ga kujera nan gefe, za ka ga komai."

Tsohon bai ko dubi kujerar ba. Ya tsaya a kan taswirar yana kallo, sannan ya ja kujerar da Hatim ke shirin zama ya zauna.

"Ina mutanenmu?" ya tambaya.

"Baba, kallo ka ce za ka yi," in ji Abdulghaffar.

"Na fasa. Yalla, ku nuna mini."

Hatim ya tsuguna kusa da shi ya koya masa, a taƙaice. Tsohon ya ɗauki ɗaya daga cikin kwalayen ayari ya kai kusa da idonsa.

"Wannan ce Bara'atu," ya ce, ya ajiye ta a bakin ganuwa. "Ta ce mini ranar ba ta yi kuka ba, wadda ta goyo ta kuwa ta ce ta yi ta kuka."

Musbahu ya koma gefe ya cusa rawani a baki. Aka fara.

Tsohon bai buga kamar sabon shiga ba. Ya jera mayaƙansa a mashigar gari, bai yi rowar su ba, yana zura hannu a jakar dabino da bismilla. Duk zagaye sai ya ɗauki Bara'atu da yatsa biyu ya ƙirga mata gidajenta a fili, ɗaya, biyu, uku. A karo na biyu da ya yi haka Musbahu ya miƙa wuya ya dubi kwalin. Ya dubi taswirar, leɓunansa na motsi a bayan rawanin. Sannan ya dubi Abdulghaffar, kallo ɗaya, ya koma ya jingina da bango. Dokar ɗakin ta ɗaure masa baki, kuma mutumin da ba shi da takarda a garin mutane ya saba haɗiye abin da ya fi wannan.

Abdulghaffar ya shiga neman faɗuwa da gaske. Ya tura masu bindiga cikin fadama inda ba sa tafiya. Ya manta da dawakansa da gangan. Ya bar hanyar gabas a buɗe wayam, har Hatim ya ce masa da Larabci, "Lafiyarka kuwa yau?" Duk a banza. Ba sojansa ne ke tare ayarin ba, lambar da ya sa da hannunsa ce, ita kuwa ba a roƙonta. Yana iya cewa a tsaya, akwai kuskure. Ya buɗe baki sau biyu. Amma fuskar tsohon na haske yadda bai taɓa gani ba, kuma faɗin kuskuren na nufin a tambayi wanda ya jera lambobin. Ya rufe bakinsa.

Zagayen ƙarshe ya zo. Ba ka jin komai a ɗakin sai na'urar sanyaya ɗaki da hon ɗin motoci daga titi. Tsohon ya ɗauki Bara'atu.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Gida ɗaya ya rage tsakaninta da bakin taswira. Ya riƙe ta a sama.

"Ba ƙari?"

"Babu, ya ammi," in ji Hatim a hankali, yana kiransa baffa da Larabci. "Halas, lokaci ya cika."

"To wa ya ci?"

Hatim ya sunkuyar da kai. "Abdulghaffar."

"Mabruk, barka," in ji tsohon. Bai mayar da kwalin kan taswira ba. Ya buɗe aljihun gaban taguwarsa ya saka shi, ya dafa aljihun. "Wannan ba zan bar muku ita a nan ba." Ya dogara sanda ya miƙe, ya juya ga Musbahu. "Ka yi ƙoƙari, yaro. Amma ta fita. Da ba ta fita ba da ba ka same ni a masallaci ba."

Musbahu ya cire rawanin daga bakinsa. Wasa ya ƙare, yana da ikon magana yanzu, Abdulghaffar kuwa ya tsaya yana jiran ta kamar mai jiran mari.

"Haka ne, Baba Alhaji," kawai ya ce. Ya shiga tattara kwalayen cikin gwangwani, bai kira kowa Oga Edita ba.

A mota, suna cikin cunkoson Bani Malik ana ta kiran magariba, hannun tsohon na kan aljihu. Sai da suka kusa gida ya numfasa.

"Abdu."

"Na'am, Baba."

"Ashe abin naku ba shirme ba ne. Amma ka daina bari baƙo na buga abin da bai sani ba. Labarin gidanku ne." Ya miƙo hannu ya dafa gwiwar ɗansa, abin da rabonsa da yi tun Abdulghaffar na yaro. "Da kai ka yi shi, na sani da ta fita."

Fitilar hanya ta ba su hannu, na baya suka yi ta danna hon, Abdulghaffar bai iya ɗaga ƙafarsa daga birki ba.