Mushe a Reshen Rijiya

Harisu ƙazami ne, kuma ya bar tsohuwa ta ɗauki laifin ƙazantarsa har kwana goma sha ɗaya yana kallo.

Da rani ne malamin dabbobi ya zo daga Buza ya tara masu kiwon kaji na ƙauyenmu, kusa da Tama. Ya nuna musu yadda ake samun tsutsa don ciyar da kaji ba tare da abincin kanti ko magani ba. A kwaɓa dusa da kashin shanu a tukunya, a bar ƙuda su sauka, a rufe, bayan 'yan kwanaki a tace a ba kaji. Ya ja kunne cewa a yi shi nesa da ruwan sha, kuma kada a kusanci mushe. Harisu na zaune a gaba yana gyaɗa kai.

Sati biyu ya yi ya gaji da kwaɓa. Da akuyar wani ta mutu aka jefar bayan gari, sai ya ɗauko ta, ya cusa a buhu, ya huhhuda ƙasan buhun, ya hau bishiyar dogon yaro da ke gidansa ya rataye a cikin duhun ganye. Tsutsa na zubowa da kanta, kaji na tsinta. Reshen da ya zaɓa kuwa ya haura katanga, ƙarshensa na bisa rijiyar unguwa. In iska ta kaɗa buhun, rabi ya zuba wa kaji, rabi ya zuba cikin ruwa.

Wari ya tashi. Aka tambayi Harisu, ya ce tukunyar dusa ce, haka malamin ya ce za ta yi.

Mairamu ita ce ta fi kowa ɗiban ruwa a rijiyar nan. Matar marigayi wan baban Harisu ce, mai sayar da fura, shekara talatin ba a taɓa ganin ko gashi a ƙwaryarta ba. Ranar kasuwa wani direba ya kai ludayi baki, ya ga abu fari yana motsi. Ya tofar, ya kifar da ƙwaryar a gaban jama'a, ya ce tsohuwa ta makance tana dama wa mutane tsutsa. Kafin la'asar zancen ya gama gari. Washegari ba wanda ya tsaya gabanta. Surukarta ma ta hana jikoki shan furar.

Ta sake ƙwarya, ta wanke randa da toka, ta zubar da nonon da ta saya. Bayan kwana uku ta sake ganin wata a cikin tulu. Ta je gidan Harisu tana kuka, ta ce shi da ya yi karatun tsutsa ya gaya mata daga ina suke fitowa. Ya ce mata tsufa ne, ta riƙa rufe kwano.

Rana ta goma sha ɗaya, da azahar, ta zura guga tana jira ya cika. Wani abu mai sanyi ya faɗo a bayan hannunta, wani ya bi. Ta ɗaga kai. Buhu ya kumbura, ya yi baƙi, ruwa na ɗiga daga gindinsa, ƙafar akuya ta fasa gefe ta leƙo. Ta yi amai a wurin. Daga nan ta wuce ƙofar maigari ba ta ko ɗauki gugan ba.

Aka sauko da buhun da ƙugiya, maza na toshe hanci da rawani. Da ya taɓa ƙasa ya fashe. Liman da ya yi alwala da ruwan nan da safe ya juya baya yana kakari.

Harisu ya ce shi ilimi ya bi, kaji kuma ba su san haram ba.

Mairamu ta ce, “Kai ɗan nan, da bakinka ka ce mini tsufa ne. Ka san abin ga na sama, ka bar ni ina wanke randa?”

“Inna, ban yi zaton zai kai ga ruwa ba.”

“Kai ina kake ɗiba?”

Matar Harisu ce ta faɗa daga bayan zana cewa tun ranar da ya rataye buhun yake ɗauko musu ruwa a jarka daga lambu, ya hana ta taɓa rijiyar.

Maigari bai ja magana ba. Aka sare reshen, aka ƙone buhun. Harisu ya shiga rijiyar shi kaɗai ya yashe ta kwana uku, ba wanda ya riƙe masa igiya sai ƙanensa. Gugan farko da aka jawo bayan nan shi ya sha a gaban mutane. Ranar kasuwa aka tsayar da shi kusa da ƙwaryar Mairamu daga hantsi har la'asar, duk wanda ya wuce sai Harisu ya gaya masa da bakinsa cewa tsutsar tasa ce.