Kujerar Deribe

Duk Jimeta an san mu da abu ɗaya, wato tsofaffin motoci masu ƙofa biyu. Ba sa ɗaukar buhu, ba sa kai yara makaranta, aikinsu shan mai da gudu. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a gindin wata bishiyar maina a Karewa, kowa ya ɗaga bonat, a leƙa inji, a ɗan yi ƙarya, sannan mu jera mu haye gada mu nufi hanyar Girei, mu juyo kafin magariba. Ni ne Abdulhakeem mai farar Celica, ɗan cikin garin Yola, na yi ritaya daga aikin gwamnati. Matata Zulaihatu takan ce da awaki na tara, da yanzu sun cika gida. Nakan ce mata kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda ya fi mu hannu a inji shi ne Zadok, mutumin Numan, tsohon malamin makarantar koyon sana'a, mai wata baƙar Marsandi. Wanda kuwa ya fi mu kyan mota, in dai za a faɗi gaskiya, Deribe ne.

Deribe ɗan Borno ne, mai sayar da hulunan Bama. Ya kwaso iyalinsa zuwa Karewa tun lokacin da rikicin can ya fara zafi, ya zo da koriyar Datsun mai kujera biyu da dogon hanci. Shi ma dogon ne, don haka kujerar direba kullum a ture take har ƙarshe. A cikin motar ya koya wa matarsa Mairam tuƙi, kuma faɗa ɗaya muka sani tsakaninsu. In ta ɗauka ta je kasuwa kai turaren wuta, sai ta jawo kujerar gaba, ta manta ba ta mayar ba. Ya zo shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari. Sai ya iso gindin maina yana ɗingishin ƙarya yana cewa, "Ya Mairam ta sake taɓa mini kujera." Mun ji wannan ƙorafi har mun haddace shi.

A daminar 2014 garuruwan arewa da mu suka riƙa faɗawa hannun 'yan ta'adda ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar Deribe, Ya Falmata, tana wani ƙauye can wajen Gwoza, ta ƙi tasowa. Ya ce zai je ya ɗauko ta ko da ɗaurewa ne. Datsun ba ta wannan hanya ba ce, cikinta kusan a ƙasa yake, ga shi babu wurin kaya. Sai ya ari a-kori-kurar Zadok. Ina tsaye a wurin ya miƙa wa Mairam makullin Datsun.

"Ki riƙa ɗuma ta kowace safiya kafin in dawo," in ji shi. "Kar batir ya sauka."

Bai dawo ba. Wayarsa ta ɗan yi kwanaki tana shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina. Bayan wasu watanni aka ga Ya Falmata a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, ta biyo ta Kamaru da ƙafa cikin ayarin mata. Abin da ta fara tambayar surukarta shi ne me ya hana Deribe zuwa ɗaukar ta. Ashe ko ganinsa ba ta yi ba. Tsohuwar ta zauna wurin Mairam har Allah ya karɓi abinsa. Da shekaru suka ja, malaman unguwa suka zo suka yi wa Mairam bayanin cewa shari'a ta ba ta damar yin takaba ta ci gaba da rayuwarta. Ta saurare su tsaf, ta ba kowa ƙullin turare, ta raka su bakin ƙofa. Ba a yi wa Deribe zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba. Zadok kuma bai taɓa ambaton a-kori-kurarsa ba.

Abin da Mairam ta riƙe shi ne ɗuma mota. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta yaye tamfol, ta shiga, ta zauna a bakin kujera, ta miƙe ƙafa iya tsawonta har ɗan yatsanta ya taɓa totur. Ta tayar, ta bar ta a silo ta yi ta gurnani, ta ɗan taka sau biyu, ta kashe. Maƙwabta har sun saba, masu ɗora koko da ƙarar suke tashi. 'Yarta Rumasa'u ta gama sakandare, ta gama jami'a, ta yi aure a Yolde Pate, motar ba ta matsa ko taku ɗaya daga ƙarƙashin rumfar kwano ba. Mu kuma mukan leƙa lokaci-lokaci mu canza mata batir ko baƙin mai. Ɗuma mota da safe al'adar kowa ce a ƙasar nan, har wanda motarsa ba ta buƙata yana yi, don haka babu wanda ya ga abin magana.

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, wayata ta yi ƙara da safe. Mairam ce, ta gaishe ni da Fulatanci, da Hamma take kira na, wato yaya.

"Hamma, jam waali?"

"Jam, Ya Mairam. Lafiya?"

"Ta ƙi tashi."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Na kira Zadok muka tafi. Mun same ta tsaye kusa da motar, makulli a hannu, ko shagonta na turare ba ta buɗe ba. Zadok ya kwance fulogi, ya ɗaga mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya danna salansa da yatsa, yatsan ya shige. Muka gwada tura ta, ta ƙi motsi, birki ya kama. Tayoyi duk sun tsage, gefen da ke ƙasa ya baje. Ya tashi ya kaɗe wandonsa. Zadok bai iya zagaye-zagaye ba, kuma Hausarsa ba ta san mace da namiji ba.

"Maman Rumasa, wannan motan ba ciwo ne ya kama shi ba. Zama ne. Kana tayar da shi, bai yi zafi sosai ba ka kashe. Ruwa ya taru a salansa, hayaƙi ya toshe inji. Wamin ɗin nan, ɗuma shi da kake yi kullum, shi ne ya kashe shi."

"Haka ya ce in yi," in ji ta.

"Ya ce kafin ya dawo. Na one week yake nufi."

Na harare shi, amma ya riga ya faɗa. Mairam ta dubi makullin hannunta. Sannan ta ce, "Za ta gyaru?"

"Zai gyaru."

"To a nan za ku gyara ta. Ba janwe da zai ja ta."

Haka muka mayar da tsakar gidanta gareji. Ni dai ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin, don ba kullum ake samun irin wannan mota a buɗe a gabanka ba. Muka sauke kan inji muka kankare, muka wanke tanki, muka kwance kafireta biyun muka jiƙa su. Wasu kayan daga Kano aka aiko, wasu wani abokin Zadok ya tono su a Garwa ta Kamaru. Tun da an riga an buɗe, sai Zadok ya ce a ƙara mata abin zamani. Ya cire tsohon tsarin wuta ya sa na lantarki wanda ba ya buƙatar gyaran kullum, ya sa babban lagireto saboda zafin Yola, aka yi mata sabuwar salansa da ba ta tsatsa. Muka yi musu mai tsawo a kan girman taya, har ya kira ni baƙauye. Duk abin da muka kawo, Mairam cewa take, "Ku yi." Takan aiko mana da shayi, ta zauna nesa tana ƙulla turare.

Sau ɗaya ta ce a'a. Fatar kujerar direba ta tsage a gefe, na ce bari mu ciro ta a kai wa mai ɗinkin kushin.

"Kar a taɓa kujerar nan, Hamma."

"Ai ɗinki kawai za a yi a dawo da ita."

"Na ji. Kar a taɓa ta."

Sai a lokacin na lura da inda kujerar take. A ture take har ƙarshe, daidai inda Deribe ya bar ta. Na tuna yadda take zama a bakinta tana miƙa yatsa. Duk shekarun nan, matar da a da ba ta iya tuna mayar da kujera, ba ta jawo ta ba ko sau ɗaya. Na ɗauki sifana na koma wajen inji.

Ranar da motar ta tashi, da murɗawa ɗaya ta kama. Ƙarar ta cika gidan, har yaran maƙwabta suka leƙo ta katanga. Zadok ya goge hannu ya ce akwai sharaɗi.

"Dole ya taka kwalta. Kowane sati, ya yi tafiya har ya yi zafi. In ba haka ba, next year muna nan again, kuma ni na tsufa."

Ya kawo shawara. Shi dogo ne kamar Deribe, zai iya fitar da ita kowace Lahadi ba tare da an taɓa komai ba. Mairam ta girgiza kai. Babu namijin da zai zauna a wurin. Na ce ko a sayar wa wanda zai kula da ita, akwai wani likita da ya daɗe yana tambaya. Kallon da ta yi mini ya sa na gwammace ban yi magana ba.

"To sai dai kai ka tuƙa," in ji Zadok.

"Ku zo ranar Lahadi," ta ce.

Muka zo, har da sauran 'yan gindin maina, muka jera motoci a ƙofar gida. An wangale get. Ta fito da lafaya ruwan toka, ta shiga, ta zauna a bakin kujera kamar kullum, ta tayar. Sai dai totur daban, kuloci daban. Totur yatsa ya ishe shi, kuloci kuwa sai an take shi har ƙasa. Ta miƙe ƙafar hagu iya ƙarfinta, ta ja giya, giya ta yi ƙara mai ban tausayi ta ƙi shiga. Ta sake. Na ga Zadok ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. A karo na gaba giyar ta ɗan kama, motar ta yi tsalle ta mutu.

Ta zauna hannu biyu a kan sitiyari tana kallon titi ta bakin get. Wani mai keke ya tsaya kallo, ya gaji ya wuce.

Can sai ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin kujera. Ta ja ƙarfen, ya ƙi. Tsatsa ta riƙe shi. Ta sake ja da hannu biyu, ko gezau.

"Oga Zadok," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Akwai mai?"

Ya je but ɗin Marsandi ya ɗauko 'yar butar mansa. Bai durƙusa ya yi mata ba, ta taga ya miƙa mata. Ita ta ɗiga da kanta, hagu da dama, ta jira, ta sake ja. Kujerar ta yi ƙara ta zame gaba, ta tsaya da ƙas. Mairam ta jingina bayanta, ta gyara madubi. Tausayinta ya kama ni sosai, har na juya ina duba tayar motata da babu abin da ya same ta.

Giya ta shiga lami lafiya. Ta fito get a hankali, muka bi ta a baya. Cikin gari ta yi ta rarrafe, masu keke-napep suna mata hon. Amma da muka haye gada hanya ta buɗe, sai na ji ta canza giya, ta sake canzawa. Hannunta bai manta ba. Celica ta yi iya yinta, ban ƙara ganin komai ba sai koren baya da bakin lafaya yana kaɗawa ta taga. A Girei muka same ta ta faka a gefen hanya, tana sayen rake.

Mun dawo ana shirin kiran magariba. Ta shigar da motar ƙarƙashin rumfa, ta kashe, ta fito. Ni da Zadok muna tsaye a bakin get, kuma na san abin da yake kallo, don shi nake kallo ni ma. Ta tsaya riƙe da ƙofar a buɗe. Ƙarfen kujerar yanzu ya sha mai, yatsa ɗaya ya isa ya mayar da ita baya.

Ta rufe ƙofar, ta murɗa makulli.

"Hamma," ta ce, "ka yi wa liman magana. Ranar Juma'a za a yi wa maigidan addu'a. Ka gaya wa mutanen maina." Ta juya wajen Zadok. "Kai ma ka zo. Da motarka ya tafi, ban taɓa ba ka haƙuri ba."

Zadok ya cire hularsa ya riƙe. "Tsohon mota ne, Maman Rumasa," in ji shi. "Zan zo."

Washegari da safe Karewa ba ta ji ƙarar Datsun ba. Maƙwabciyarta mai koko ta makara.