Wa'azin Karɓa-karɓa

Mu bakwai ne a cocinmu, idan aka haɗa da matar Fasto. Muna sujada a wani tsohon shagon ɗaukar hoto, ƙofa huɗu daga gidanmu. Har yanzu zanen da mai hoton ya bari yana jikin bango: ruwa na gangarowa daga kan dutse, da wani tsuntsu mai ƙafa uku. A gabansa Fasto yake tsayawa.

Manyan da ke leƙo mu daga hedkwata sukan ce ƙaramin coci ya fi daɗi, wai kamar iyali yake. Duk mai faɗin haka ya daɗe bai zauna da danginsa ba. A cocin mutum dubu, in aka yi wa'azi a kan sata, sai maganar ta watsu, kowa ya samu ɗan yayyafinsa ya tafi gida. A cocin mutum bakwai kuwa kan mutum ɗaya take sauka, sauran shidan su juyo su dube shi.

Ga kuma sana'ar Fasto. Abin da muke iya ba shi ko kyanwa ba zai riƙe ba, don haka daga Litinin zuwa Asabar gyaran firji yake yi. Babu ɗakin girkinmu da bai tsuguna a ciki ba, wanda ya buɗe firjinka kuwa ya gama saninka.

Wata Alhamis ya gyara na Kofur, tsohon sojan da ke riƙe mana makulli. Ranar Lahadi karatu ya faɗo a kan buguwa. Fasto ya ɗaga takardar hedkwata ya nuna cewa tun farkon shekara aka tsara shi. Kofur ya ce ai hedkwata ba ta ga kwalaben ba, Fasto ne ya gani. Mako uku bai zo ba, makulli kuma yana aljihunsa, a bakin ƙofa muka yi ta sujada. Dama mun riga mun rasa mutum biyu. Mai shagon awo ya tafi da wa'azin mudun ƙarya, wata kuma ta tafi da na tsegumi, ta bi gida gida tana ba da labari.

Daga nan Fasto ya koma kan zunuban da ba mu da halin yi. Sarakunan da suka bautar da al'umma. Masu gina hasumiya don su taɓo sama. Masu narka zinariya su ƙera gunki. Yayata, wadda ta ba tamanin baya, kuma ba ta jin ƙarfin muryar kanta, ta ce daga kan keken guragunta, “Da ina da zinariyar ai haƙori zan sa.”

Wata takwas muna haka, ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya farka daga gyangyaɗi. Sai firjinmu ya fara gurnani. Fasto ya zo, ya janye shi daga bango, ya cusa kansa a baya. Daga can ciki maganar ta fito.

“Malama, ƙarshen watan nan zan ajiye.”

“Gyaran firji?”

“Wa'azi. Wata takwas ina faɗa da matattun sarakuna, ko ɗaya bai tuba ba. In na faɗi gaskiya ku gudu, in na yi shiru ni ne ba na iya barci. Miƙo mini sukudireba.”

Na miƙa masa. Na san abin da ke bayan wannan. Hedkwata ba za ta turo wani don mutum bakwai ba, za ta ce mu koma babban cocin da ke can ƙarshen gari. Mota biyu ake shiga, babu wadda keken Yaya zai shiga cikinsu. Ranar Lahadi kaɗai Yaya take fita waje. Tun Juma'a take zaɓen ɗankwali.

Ranar Laraba da yamma muka taru a falonmu, ban da Fasto da matarsa. Tela ya ce a roƙe shi. Matar Tela, wadda ita kaɗai ce ƙungiyar mawaƙanmu, ta ce a yi azumi. Nas, wadda aikin dare ke jira a asibiti, ta ce a ba shi hutu, tana duba agogo. Yaya ta buga hannun kekenta.

“Kai Kofur, me ya ɓata maka rai? Ƙarya aka yi maka?”

“Ba ƙarya ba ce, Mama. Amma don me sai ni? Tela da ke cin ragowar yadin mutane fa?”

“Kai, ka kiyaye ni!” in ji Tela.

“To kun ji,” in ji Yaya. “Ba faɗan ne ciwon ba, a yi wa mutum shi kaɗai ne ciwon. A yi karɓa-karɓa. Kowa da Lahadinsa. Ka san ranarka, ka yi wanka, ka zauna a gaba, a wanke ka tas, mako mai zuwa kai ma ka kalli na wani.”

Na ce ban taɓa jin inda aka yi haka ba. Yaya ta ce ni ban taɓa jin komai ba sai abin da ke cikin littafi. Aka rubuta sunaye, aka zuba a hular Kofur, aka yarda kowace Lahadi bayan sujada za a zaro na gaba. Da aka gaya wa Fasto bai ƙi ba. Ya ce zai gwada har ƙarshen wata, amma ranar da mutum ɗaya ya tashi ya fita, shi ma ya fita ke nan.

Yaya aka fara zarowa. Fasto ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya sauka a kan rashin haƙuri, shi ma da “wataƙila” da “wani lokaci”.

“Shi ke nan?” in ji Yaya. “Shekara tamanin da huɗu ina duniya, abin da ka samo ke nan? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ba na magana da surukata a kan murfin tukunya?”

Fasto ya share gumi, ya juya shafi, ya kama riƙo a zuci. Minti arba'in ya yi. Yaya tana ta gyaɗa kai tana cewa, “Yauwa. Ƙara.” Da yamma ta sa na buga wa surukar waya, suka yi faɗa na rabin awa, wanda dai ya fi shiru.

Kofur ya zo ranarsa da guga har a hankici, ya zauna ƙyam kamar a fareti. Ya sha nasa bai motsa ba, da aka gama ya sara wa Fasto. Matar Tela kuwa ta gayyato ƙawayenta biyu su ji nata, a kan son a gani. Bayan sujada ta tare Fasto a ƙofa tana tambaya me ya sa nata minti ashirin, na Kofur talatin da biyar.

Sai hula ta fito da sunana, Lahadin ƙarshe a wata.

Ban damu ba. Na san kaifin harshe zai ce. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, an sha faɗa mini wannan, kuma gaskiya ban taɓa jin haushinsa ba. Na tura Yaya zuwa gaba, na zauna kusa da ita, na ɗora jaka a cinya.

Fasto bai ko taɓa harshena ba. Ya yi magana a kan mai yin alheri yana tsaki. Ya ce akwai mai ɗaga ɗan'uwansa daga gado kullum, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci, amma kowane cokali da ajiyar zuciya yake tafiya, har wanda ake taimakon ya koyi danne ƙishirwa don kada ya sake kira. Ya ce daga bayan firji ana jin abubuwa da yawa.

Na matse jakar da ke cinyata. Matar Tela ta juyo da dukan jikinta don kada komai ya wuce ta. Wannan mutumin da na koya wa ƙanwarsa karatu, shi ne zai zauna a ɗakin girkina yana ƙirga numfashina? Wa ya taɓa ɗaga Yaya ko sau ɗaya a cikinsu?

Na miƙe. Fasto ya ɗora yatsansa a kan layin da ya tsaya. Na kama hannun keken don mu tafi, na tura, bai motsa ba. Yaya ta danne birki da hannu biyu.

“Zauna, bai gama ba.”

“Yaya, saki.”

“Ni na sha nawa, ke wace ce? In za ki fita, fita ke kaɗai, ki dawo da motar da za ta kai ni wancan cocin.”

Na dubi ƙofa. Taku shida ne. Na dubi ƙeyar Yaya, da ɗankwalin da ta sa na sake ɗaura mata sau uku da safe, ina tsaki duk ukun. Na gyara zanena kamar dama abin da ya tashe ni ke nan, na zauna.

“Ci gaba,” na ce. “Amma ka daina maimaita jimla, mun ji tun farko.”

Minti goma ya ƙara. Ban ce amin ba, ban kuma fita ba.

Bayan addu'ar rufewa Fasto ya tattara takardunsa a hankali, ya zo ya tsaya a gabana yana murza hannu.

“Malama, za ki zo Lahadi mai zuwa?”

“Kai za ka zo?”

Kafin ya amsa Kofur ya girgiza hula, ya miƙa wa Nas. Ta zaro takarda, ta warware, ta karanta, ta toshe baki. Tela ya leƙa ta kafaɗarta, ya ce, “Matar Fasto!”

Matar Fasto tana naɗe ƙyallen tebur. Ta ƙarasa naɗewa, ta ajiye, ta dubi mijinta tana murmushi.

“To, Maigida. Kada ka rage mini komai. Minti arba'in nake so, irin na Mama.”

“Zan zo,” na ce masa. “Tun ƙarfe takwas.”

Fasto ya zauna a kan bencin gaba, ya buɗe Littafi, ya rufe, ya sake buɗewa.

“Kofur,” ya ce, “riƙe makullin. A buɗe da wuri, zan buƙaci addu'a kafin a fara.”